Wanda Ba Ya Tafiya

Daga zaure direban ya ji muryar matarsa, da taushin da ya daɗe bai ji ba: "Kai kaɗai ne ba ka barina."

Mako uku ya yi a hanya da lodin albasar Goronyo. Ya faɗa tsakar gida ko sallama babu.

"Ina wayar? Da wa kika magana?"

"Mi ya yi zafi, Maigida? Waya tana wurin mai caji." Ta ci gaba da tsintar wake. "Da Yesu nika hira. Coci ya yi nisa, shi bai yi ba."

Ya leƙa ɗaki, ba kowa. Da mutum ne, da ya kore shi. Wannan kuwa, jibi in mota ta tashi da direban, shi zai zauna da ita.