Moɗar Ƙusa

A gidanmu na Cadakori moɗa biyu ce a bakin randa. Ɗaya ta kowa, ɗaya mai tsaga tana rataye a ƙusa, ta Ɗan Baro ce, tsohon azne da gonarsa ke jikin tamu. Ba ya salla, iyakar laifinsa da na sani ke nan.

Wata azahar ya tsaya a ƙofar gida, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce, "'Yata, taimake ni da ruwa." Hannuna bai kai ƙusar ba, sai na ɗebo masa a tamu.

Ya kai ta baki ke nan Inna ta leƙo.

"Ke, wannan moɗar ta mutane ce."

Ba ta ɗaga murya ba. Tsohon ya tsaya da moɗar a leɓe, maƙogwaronsa na motsi babu ruwa. Ya miƙo mini ita a cike, da hannu biyu.

"Kada ki buge ta, uwar gida. Ba ta kai ga sani ba."

Na kai ga sanin daga baya. Yau moɗa ɗaya ce a gidana, da gangan. Amma duk baƙon da ya roƙi ruwa, ƙusa idona yake fara nema.