Hatimi a Fuskar Tanko

Kwana uku ke nan baƙon yana zuwa filin Alhaji Jika, kwana ukun kuma Tanko yana kallonsa ta wutsiyar ido.

Filin yana bayan tashar Madawa. Nan 'yan kokawa da direbobi da 'yan dako suke zuwa ɗaga gwangwanayen siminti da tsoffin ƙarafan kamiyo, manyan motocin kaya, su gina jiki. Shekara goma sha takwas Tanko yana koyar da kokawa a wurin. Bai taɓa taka lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ya san faɗuwar da ke karya haƙarƙari, domin nasa biyu sun taɓa karyewa a kokawar Karofane.

Da ƙafafun Alhaji suka gaza, ɗansa Muntari ya dawo daga Yamai da tabarau da jakar takardu. Ya ce tun da aka fara ba zakaran kokawa na ƙasa kyautar takobi, kokawa ta tashi daga wasan kaka. Ya shafe bango da farar ƙasa, ya sa lokacin buɗewa da na rufewa, ya kai masu koyarwa gidan hoto. Sannan ya fito da abin da ke ransa: duk wanda ba shi da dipulom, takardar shaidar koyarwa, zuwa ƙarshen wata biyu, ya nemi wani wuri.

Cikin masu koyarwa, Iliyasu ya naɗe tabarmarsa ya koma noma garinsu Allakaye. Sule ya bi bayansa. Saura Tanko, mai iyali tara, ba gona, ba wata sana'a. Sau uku Muntari yana aikawa ya zo biro, wato ofishinsa, sau uku yana ƙi. Yaron da ya sha yi masa fitsari a wuya shi ne zai zaunar da shi a kujera ya sallame shi? Ko gaisuwarsa ma ya daina amsawa.

Ana haka baƙon ya zo. Ya ce sunansa Hama, daga Tawa yake, koyo yake so.

Ƙarya ce, Tanko ya gane tun faɗuwar farko. Sabon shiga da gwiwar hannu yake tarar ƙasa. Wannan kuwa ya duƙar da haɓa, ya mirgina ta kafaɗa, ya tashi ko numfashinsa bai sauya ba. Ga tabon tawada a yatsa. Ga tambaya ba iyaka.

"Maigida, ƙaƙa kake kada sabon shiga ba ka ji mai ciwo ba? In mutum ya suma cikin rana fa, mi ka yi?"

Tanko ya amsa yana cizon haƙora. Rana ta biyu ya hango Hama a biro suna shan shayi da Muntari, suna dariya, da ya gifta suka yi tsit. Shi ke nan, magana ta fito. Ga mai dipulom ɗin da zai gaje shi, ya zo ya tatse masa ilimi tukuna.

Rana ta uku bayan la'asar, Hama ya tuɓe riga ya rataye a ƙarfe, ya nufi randa. Rigar ta zame. Tanko ya duƙa zai ɗauka, sai takarda ta faɗo daga aljihu. Hoton shi Tanko ne manne a kusurwa, an danna masa shuɗin hatimi ya cinye rabin kunci. Rubutun bai ce masa komai ba, amma ya san hatimi. Irinsa ake bugawa a cinyar bijimi a mahauta bayan an gama fiɗa.

Ya yaga takardar gida huɗu, ya watsar.

"Kai, Hama! Taho. Yau za ka ga abin da kake tambaya."

Hama ya shigo fage da murmushinsa, ya buɗe hannuwa. Tanko bai tsaya ɗibar ƙasar da ake yi kafin kamu ba. Ya kai masa karo da goshi, hancin ya fashe. Kafin jinin ya kai haɓa ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi sama, ya maka shi, ba a kan yashi ba, a bakin fage inda ƙasa take kamar dutse. Masu ɗaga ƙarfe suka saki abin da ke hannunsu.

Hama ya yunƙura, bakinsa cike da jini. "Maigida, dakata, bari in..."

Ina! Tanko ya dira masa gwiwa a gadon baya, ya kamo hannunsa na dama, ya murɗe shi ta inda ya shekara goma sha takwas yana hana yara murɗewa. Ya ji tsokar tana ƙi, ya ƙara. Ƙas! Har masu tuyar ƙosai na bakin tasha sun ji ihun.

Direbobi huɗu suka taru suka ɓamɓare shi da ƙyar. Hama yana kwance yana makyarkyata, ƙashi ya turo fata a ƙasan gwiwar hannu, yatsun sun saki.

Muntari ya fito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dubi na kwance, ya dubi guntayen takarda a yashi. Ya durƙusa ya tsince su ɗaya ɗaya.

"Baba Tanko, mi kay yi haka?"

"Ga mai dipulom ɗinka nan," in ji Tanko yana huci. "Ka ba shi wurina in ya iya tashi."

Muntari ya cire tabarau. Hawaye ne a idonsa.

"Sau biyar ina tahiya Tawa ina roƙon hukuma a gwada ka da aiki, tun da ba ka karatu, sannan sunka yarda sunka aiko mai jarrabawa. Jiya ya ce mini bai taɓa ganin malami irinka ba. Takardar dipulom ɗinka ce ka yaga, Baba, sa hannu kaɗai ya rage mata, ga kuwa hannun da za shi sa can ka karye."