Maigidan Cikin Gilashi

"Zo ki ga tarbiyya!" in ji Tela, yana ƙwala wa matarsa kira.

Wata biyu ke nan da ya haɗa kifayen ado biyu, masu ruwan lemo da ratsin fari, cikin akwatin gilashi na ruwan gishiri. Da farko kamar su kashe juna. Yanzu kuwa babban na matsowa, sai ƙaramin ya karkace yana rawar jiki.

"Maigida da amaryarsa ke nan. Ki ɗauki darasi."

Ran da ƙwai suka bayyana, ya kira mai sayar da kifin a waya, ya sa sifika don matarsa ta ji.

"Ƙaramar ta yi ƙwai!"

"Yallaɓai, ai babbar ce macen. Ƙaramin nan mai rawar jiki shi ne mijin."

Matar ta matso kusa da shi a hankali.

"To, maigida, kai nake jira."