Goyon Gizo-gizo

"Wannan ba ɗa ba ne. Bari in tsokane shi," in ji Yaya, tana miƙa tsinken tsintsiya.

Auta ta ƙwace tsinken. Tunda karayar ƙafa ta kwantar da ita, ba ta da abokiyar hira sai macen gizo-gizon da ke jikin taga. Yau ga wani farin ƙulli manne a bayanta.

"Haba Yaya, goyo ta yi! A raba uwa da ɗa?"

"To, sannu ungozoma."

Auta ta riƙa jefa wa mai jego ƙudaje. Goyo na ƙiba, uwa na ramewa. Ta ce ai haka shayarwa take. Da gizo-gizon ta warware saƙarta ta ɗaura 'yan zaruruwa masu kauri, sai Auta ta ce shimfiɗar jariri ce.

Shimfiɗar ce kuwa. Wata safiya ta tarar da uwar a ƙasan taga, an tsotse ta, sakayau kamar ɓawon gyaɗa. Goyon ya naɗe kansa cikin zaren. Bayan kwanaki siririn zanzaro ya fito daga cikin zaren, ya shanya fukafukai, ya tashi abinsa.

Tsinken yana nan ƙarƙashin matashinta, inda ta ɓoye wa Yaya shi.