Ƙasarin Jar Akuya

Wata la'asar a Tarai, ina 'yar shekara bakwai, kakata Iya ta miƙo mini ƙwaryar ƙasari, ruwan da ta wanke gero, ɓawon kabewa na yawo a sama. Na nufi kwata zan zubar.

"Ke, tsaya!" in ji ta. "Kin tambayi jar akuya ta ce miki ta ƙoshi?"

Na je turke na durƙusa, na tambaye ta har da sallama. Ta shanye tas, ta yi mini atishawa a fuska. Iya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Yau a birni nake, ko kaza ba ni da ita. Amma kullum ina kai wa awakin maƙwabciyata ɓawo, kuma har yanzu ba su ce sun ƙoshi ba.