Hutun Kwana Goma

Tikiti uku ne a jakar Nas, na jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ranar Alhamis. Karo na uku ke nan tana sayen irinsu. Sau biyun farko ita da Malama sun zauna kan akwatunansu a tasha har jirgi ya tafi ya bar su, domin Auta ba ta samu hutu a wurin aiki ba.

Su ukun ƙawaye ne tun suna makarantar kwana. Auta, ƙaramarsu, shekara goma sha tara tana aiki a gidan burodi, ita ke buɗe ƙofa, ita ke rufewa, ko hutun yini ɗaya ba ta taɓa samu ba. Makon jiya Nas, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta auna jinin Auta, abin da ta gani ya tayar mata da hankali ƙwarai. Shi ya sa yau da la'asar ita da Malama suka zo har wurin aikin da takardar neman hutu, sun rantse ba za su fita ba sai mai gidan burodin ta sa hannu.

Ofishin ɗan ƙarami ne, a bayan tanda, zafi kamar a gasa mutum. Babu kowa a kujerar da ke bayan tebur. Auta ta zauna kan buhun fulawa ta cire takalmi, ta janyo kofin da ke kan teburin ta kurɓi shayi.

"Ba za ta yarda ba," in ji ta. "Na fi kowa sanin halinta."

"Azzaluma!" in ji Malama. "Ko ni da nake fama da yara saba'in a aji ɗaya, jan birona yana hutawa ranar Asabar."

"Ku dai bari," in ji Nas. "Jiya ina neman jijiyar wani bawan Allah, yana nishi kamar zai tafi, sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, 'Baiwar Allah, kina da cajar waya?'"

Suka kwashe da dariya har Malama ta ƙware. Matan nan kowacce ta haura hamsin, amma in sun haɗu sai ka rantse yanzu aka tashe su daga aji.

Wani ƙaton mutum mai kwaɓa fulawa ya turo ƙofa, ya buɗe baki zai yi tambaya. Auta ta ɗaga kai. Ya ce a yi haƙuri, ya ja ƙofar a hankali.

Ƙamshin burodi ya shigo tare da shi, ya tono tsohon zance. Malama ta ce ko sun tuna lokacin da kwandala ɗaya ke sayen burodin da za a iya yin matashin kai da shi, da ƙwai biyu, har a ba ka canji.

"Yanzu ƙwai sai dai ka gaishe shi daga nesa," in ji Nas.

"Da canjin nan muke sayen alewa," in ji Auta, "Malama ta tsotsa ta ba ni saura, wai ta ɗanɗana mini ne ko da guba."

Daga nan hira ta koma teku. Malama ta sayi wata hula mai faɗin faifai, ta ce da ita za ta shiga ruwa. Nas ta ce kifin da aka kama a gabanta za ta ci, ta kwanta a yashi, duk wanda ya kira ta Nas ta ce ba ta san mai sunan ba. Auta ba ta taɓa ganin teku ba. Ta tambaya ko da gaske ne ba a hango ɗaya gefen, idonta na ƙyalli. Sai kuma ta dubi agogo, fuskarta ta sauya.

"Wa zai duba tanda? Wa zai karɓi fulawa ranar Litinin? Cewa za ta yi a bari sai an samu sarari."

Nas ta daina dariya. Tsoro ne ya cika ta, kuma ta gaji da ɓoye shi.

"Sarari ba ya zuwa, Auta. Shekara talatin ina ja wa mamata zane a fuska, duk masu jiran sarari ne. Wallahi ban shirya ja miki ba."

Malama ta ajiye takardar a kan tebur, ta ɗora biro a kai.

Auta ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta sa takalmi, ta kaɗe fulawar da ke jikin zanenta, ta zagaya teburin ta zauna a kujerar. Ta ciro ɗan makulli daga igiyar wuyanta ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko tabarau da hatimi. Ta karanta takardar daga sama har ƙasa, fuska a murtuke.

"Kwana goma ya yi yawa. Bakwai."

"Goma!" suka faɗa tare.

Auta ta share ido da bayan hannu, ta hura wa hatimin iska, ta buga shi da ƙarfi har kofi ya yi tsalle. Malama ta miƙe tana rawa, Nas ta rungume jakarta tana kuka tana dariya.

Shekara goma sha tara ke nan da Auta ta kafa gidan burodin nan da guminta, sai yau mai shi ta tausaya ta ba kanta hutu.