Ranar da Malam Ilu Ya Yarda

A wancan zamani, idan malami ya rasu, ba a cire sunansa daga zauren malamai na intanet. Na'ura ce ke ɗaukar muryarsa ta ci gaba da magana, ba a sanar da kowa.

Shekara talatin Malam Tanimu da amininsa Malam Ilu suna gardama a zauren kan wata tsohuwar waƙar masaƙa. Tanimu ya ce a Kano aka yi ta, Ilu ya ce a Zariya. Sai Ilu ya kwanta jinya, ya daina ɗaga waya.

Wata rana da hantsi Tanimu ya shiga zauren.

"Kai Bazazzage, ka tashi? Waƙar nan dai tamu ce."

Muryar Ilu ta fito tangaram, babu tarin nan nasa. "Na duba kwafi dubu huɗu, Malam. Hujjarka ta fi ƙarfi. Na yarda."

Sauran malamai suka shiga taya Tanimu murna. Shi kuwa ya kife wayar a kan tabarma.

"Asabe," ya ce wa matarsa, "miƙo min farar rigata. Zariya za ni ta'aziyya."